Sunan da Ya Sauko a Guga

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato ban huta ba. Duk wadda ta shigo shagona sayen atamfa sai ta ajiye jaka ta ce, "Hajara, wai da gaske wayarki ta hau bishiya?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda ta fita da shi sai ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wata ta zo tana tambayata ko da gaske ni ce na hau bishiyar, da wannan jikin nawa. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, wadda ta sake tambaya in tura mata ta karanta.

Ƙanena Nasiru ne silar tafiyar. Mu biyu Ummanmu Hauwa'u ta bari, kuma ta rasu yana ƙarami, a hannuna ya ƙarasa tashi. Da ya girma ya shiga fataucin albasa tsakanin Goronyo da Kano, a can ya ga Saratu, 'yar wata tunga da ke bayan Giyawa, ya aura. Bara ya samu aikin tuƙi a Jidda ya tafi, ita kuma da ciki ya tsufa ta koma gidan iyayenta, tunda haihuwar fari ce. Ta haifi mace. Saƙon murya ne ya kawo mana albishir daga tungar, har da kukan jaririya a ciki, saboda haka ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wata matsalar sabis a can ba. Ban tsaya na tambayi yadda aka yi saƙon ya fito ba.

Ana gobe zan tafi Nasiru ya kira ni. Muka gama maganar rago da kayan barka, sai ya ce, "Yaya, bari in gaya miki sunan tun yanzu, ki tafi da shi a bakinki."

Na ce, "Kul! Kada ka soma. Wane zamani muke? Ranar suna zan kunna bidiyo, ka ga 'yarka, surukanka su gan ka, ka faɗi sunan da bakinka kowa ya ji."

Ya ce, "Yaya, da dai kin bari..."

Na ce, "Na gama magana." Ni dai a raina na riga na san sunan. Wa zai sa in ba Umma ba? So nake a yi abin a gaban jama'a, a san dangin miji daga birni suka zo.

Ku da kuka san ni kun san rabin kasuwata a waya take. A sitatus nake baje kaya, a guruf nake ciniki, kuma idan hoto ya yi jinkirin tafiya ko na ƙiftawar ido ne sai na fara faɗa. Layi biyu ne a wayata. Akwai na kasuwa, wanda nake ji da shi, akwai kuma wani tsohon layi da na daɗe ina cewa zan jefar. Na cika su duka da data, na kama hanya cikin tsakiyar damina.

Daga Kano zuwa Sakkwato babu abin ba da labari, sai ciwon baya. Abin ya fara ne a Rabah, inda na ratse karɓar ragon suna a wajen Sani, abokin Nasiru mai kiwo. Rago kam ya yi rago, fari tas da baƙin wuya. Na ɗauki hotonsa zan tura Jidda, sai wannan 'yar da'irar ta kan waya ta fara juyawa. Ta juya, ta juya, har na gaisa da matan gidan, na sha fura, na yi salla, na dawo na tarar tana nan tana juyawa. Na duba tsohon layin, shi ko ɗigon sabis babu. Na ce masa, "Kai dai ba ka taɓa amfanata ba."

Sani ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ba a nan aka tura hoto ba. Mu tahi bayan mai shayi."

Na ɗauka wasa yake. Muka fita bakin hanya, sai ga mutane sun yi cirko-cirko a bayan rumfar wani mai shayi, kowa ya ɗaga hannu sama da waya, ba mai magana da wani. Dattijo da rawaninsa, matashi da buhun taki a ka, har da wata mata da goyo. Taku kaɗan daga wurin babu kowa, don babu komai. Na shiga cikinsu ina jin kunya, na ɗaga hannu, kafin in ce wani abu hoton ya tafi. Na saki baki. Na tambayi mai shayin ko shi ya ja sabis ɗin zuwa rumfarsa, ya ce a'a, shi ne ya ɗauko rumfar ya kawo ta inda sabis yake.

Daga Rabah muka shiga wata ƙaramar mota mai zuwa Wurno, aka cusa ragon a but. Ba mu yi nisa ba ya turo kai ta bayan kujera ya fara cin gefen gyalena, da na janye sai ya koma kan wayar cajina, ya tauna ta har ta rabu biyu. Fasinjoji suka yi ta ba ni haƙuri suna dariya. Ina cikin yi wa ragon faɗa sai direban, wani dogo da ake kira Malam Isa, ya ɗaga murya ya ce, "To jama'a, kowa shi shirya, ga sabis nan gaba bisa tudu."

Wallahi sai na ga kowa yana laluben aljihu. Muna hawa tudun ya rage gudu kamar mai rakiyar amarya, sai wayoyi suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Wannan yana cewa a kai wa shanu dusa, wancan yana tambayar jikin mahaifiyarsa, matar da ke kusa da ni tana ihu, "Muna tahe! A aza tukunya!" Muna gangarawa aka yi tsit, kowa ya mayar da wayarsa. Wani tsoho bai gama magana ba, ya roƙi Malam Isa ya koma da baya kaɗan, kuma ya koma. A Kano idan ka ce wa direba ya yi ribas don ka ƙarasa waya, sai dai ka ƙarasa ta a ƙasa.

Akwai shingen jami'ai a kan tudu na gaba. Suka leƙa, suka tambayi na wane ne rago, na ce na suna ne, suka yi addu'a muka wuce. Malam Isa ya ce da can shingen yana cikin kwari, su ma sabis suka biyo suka dawo da shi sama.

A Wurno na kwana, gidan Inna Kulu, gwaggon Saratu. Tsohuwa ce mai baki, irin wadda za ta zage ka tana zuba maka nama. Ta yi min tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwarmu, shinkafar kuma ta fadamarsu ce, har yanzu ina jin ƙamshinta. Na sayi sabuwar wayar caji, na duba wayata, sai na ga 'yan karan nan masu nuna ƙarfin sabis sun cika har sama. Na ce alhamdu lillahi, an dawo duniya. Na danna, shiru. Na kashe na kunna, shiru. Sabis ya cika fal amma ko gaisuwa ba ta fita, kamar famfon da ke huci babu ruwa. Wannan ya fi na Rabah ba ni haushi, don can aƙalla bai yi min ƙarya ba.

Inna Kulu ta ce, "Bar wahal da kanki, ɗiyata. Da marece duk gari na bisa shi. Ki bari sai da assuba, sa'ad da mutane ba su tashi ba, shina gudu awa ruwa."

Haka kuwa aka yi. Ina sallame sallar asuba saƙonni suka fara zubowa har wayar ta yi zafi. Inna ta kawo min waina, wadda su masa suke ce mata, tana kallona ina amsa wa masu ciniki. Na ba ta labarin shirin da na yi na bidiyo ranar suna. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Mi kinka ce? Bidiyo? Tunga?"

Na ce, "Ƙwarai, Inna."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ke da wa? Ɗiyata, ki amshi sunan ɗiyar mutane tun nan, ki ƙulle ga bakin zane."

Na yi murmushi irin na wadda ta fi sani. A zuciyata na ce tsohuwa ce, ina ta san bidiyo.

Muka bi ta Marnona zuwa Goronyo, kuma a Goronyo ne aka ƙarasa ruɗa ni. Na sauka kusa da madatsar ruwa don cin soyayyen kifi, na ciro waya ba tare da sa rai ba, sai na ga hotuna suna tafiya kafin in ɗauke yatsa. Na tura bidiyon ruwa, na tura na masunta, na tura na ragon yana hararata. Ko a shagona da ke tsakiyar Kano ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Na ce ikon Allah, jiya ina tsaye a bayan mai shayi da hannu sama, yau ga ni a bakin ruwa ina abin da na ga dama. Nan take Nasiru ya kira, fuskarsa tar kamar yana gabana.

Ya ce, "Yaya, tunda na same ki, don Allah ki bari in faɗa miki."

Na juya masa wayar ya ga ruwa. Na ce, "Kai, dubi sabis! Giyawa nan ce kusa. Ka tanadi bakinka sai gobe da safe." Na kashe ina dariya.

Daga nan sai babur. Ni a kan ɗaya da kayan barka, ragon a kan ɗaya, an kwantar da shi a cinyar mai tuƙi yana ta kuka. Mun wuce Giyawa kaɗan, cikin gonakin gero da ya fi mutum tsawo, sai mai babur ɗina ya tsaya a kan wani kwalbati ya ce, "Hajiya, in kina da sallama da wani ki yi ta nan. Nan na iyaka."

Na ce, "Iyakar me? Nijar muka zo?"

Ya ce, "Iyakar sabis."

Na duba, kara ɗaya ya rage. Na ce masa wayata babba ce, ba irin tasu ba, mu tafi. Bai yi musu ba. Muka tsallake wani rafi da ruwansa bai wuce idon sawu ba, hadari kuma yana haɗuwa ta gabas. Suna sauke mu suka juya da gudu don kada ruwa ya tare su. Ba a jima ba aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

An karɓe ni karɓar da ban taɓa gani ba. Saratu ta rungume ni tana hawaye, aka miƙo min jaririya, jajir da ita, da hancin Nasiru sak. Aka kawo fura da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Da ruwa ya tsagaita, mahaifin Saratu, Baba Garba, ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Dattijo ne siriri mai magana a hankali. Bayan gaisuwa ya ce, "To ɗiyata, mi uban yarinya yac ce? Wane suna za a raɗa?"

Na ce, "Baba, ai da bakinsa za ku ji, har ku gan shi." Na ciro waya da fahari.

Babu sabis. Babu kara ɗaya, babu rabi, a duka layukan. Na fita tsakar gida, babu. Na je bayan rumbu, babu. Na hau kan turmi na ɗaga hannu, matan gidan suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Sai a lokacin maganar Inna Kulu ta dawo min. Na ce a nemo min babur in koma kwalbatin nan. Aka ce rafin da muka tsallake ya cika ya batse, ko jaki ba zai ratsa ba sai ya janye, kuma ba ya janyewa a kwana ɗaya. Suna kuwa gobe ne da sassafe, an riga an raba goro.

Na sauko daga turmi na ce, "Baba, ba komai. Na san sunan. Hauwa'u ne, sunan mahaifiyarmu."

Ya ce, "Shi yah hwaɗa maki?"

Na ce, "Bai faɗa ba, amma..."

Ya ce, "Ɗiyata, uba ka ba da suna. In sanƙira yaɗ ɗaga murya yah hwaɗi, ba a maido shi. Mu tahi gun icce tukuna."

Ban gane ba, na dai bi shi. A bayan gari akwai tudu, a kan tudun akwai wani gawo dogo wanda ya zubar da ganye. A can ƙololuwarsa an ɗaura doguwar gora, a kan gorar an sa ƙarfe mai juyawa irin na rijiya, igiya ta ratso ta kansa ta sauko har ƙasa. A bakin igiyar kuma guga ne na roba, wanda su wasaki suke kira. Mutane na zaune a gindin bishiyar suna hira. Wani kakkauran mutum mai suna Mamman, wanda haƙar rijiya ce sana'arsa, yana karɓar wayoyi yana jerawa a cikin gugan, kowace an naɗe ta a leda. Ya ja igiya, guga ya tashi sama yana lilo, ya ɗaure igiyar a saiwa, ya koma cikin hira.

Na tsaya kamar an dasa ni. Na ce, "Baba, me nake gani?"

Ya ce, "Sabis bisa yake, ba shi sabkowa. Sai mu aika mai."

Ashe haka suke yi. Mutum zai yi maganarsa a waya a ƙasa, ya danna tura, a sa a guga, a kai sama. A can saƙonsa zai tafi, na wasu kuma su shigo. Bayan an ɗan jima a sauko da guga, kowa ya ɗauki tasa ya koma gefe ya saurara. Albishir ɗin haihuwar da na ji a Kano, har da kukan jaririya, ta kan gawon nan ya bi. Ni da na zo da niyyar nuna musu zamani, ko a mafarki ban taɓa ganin an aika guga sama ya ɗebo magana ba.

Mamman ya tambayi wane layi gare ni. Na faɗi na kasuwa, ya girgiza kai, ya ce wannan ko an kai shi gajimare ba ya kamawa a nan. Na faɗi tsohon, wanda na zaga a Rabah, ya ce shi ne kaɗai mai zuwa. Na mayar da data kansa ina ba shi haƙuri a zuciya. Na danna na yi magana: "Nasiru, babu bidiyo. Ka yi sallama da Baba, ka faɗi sunan a murya yanzu-yanzu." Aka naɗe wayata mai tsada a ledar burodi, aka jera ta tsakanin ƙananan wayoyi, ta tafi sama ina kallo.

Da aka sauko da guga, kowa ya ɗauki tasa ya kara a kunne. Tawa kuwa ta sauko da kaya. Hotunan leshi daga guruf ɗin 'yan kasuwa, furannin barka da yamma, hoton wata mai tambayar ko akwai kalar ruwan goro. Na saba barin komai ya sauka da kansa, to ɗan sabis ɗin da ke saman gawo duk sun cinye shi. A can ƙasa ga saƙon Nasiru, na murya, ya iso amma bai buɗe ba. Ina ganinsa da idona, na danna, da'irar nan ta juya ta tsaya. Sunan yana cikin tafin hannuna, kuma ba na iya jin sa. Na roƙi Mamman a sake kaiwa, sai aka fara yayyafi da walƙiya, ya ce ba mai tsayawa gindin icce a wannan hali, sai da safe. Ban iya cin tuwon da aka kawo min ba.

Da asuba, kafin gari ya gama wayewa, ina gindin gawo. Na kashe saukar hotuna, na toshe bakin kowane guruf, na kuma rubuta wa Nasiru cewa ya rubuto sunan kawai, ko da yake na san a wannan lokacin yana kan sitiyari. Matsalar ita ce sai an danna saƙon yake fara sauka, kuma idan bai samu sabis da wuri ba sai ya haƙura. Na danna, Mamman ya ja, aka jira, aka sauko. Bai buɗe ba. Aka sake. Bai buɗe ba.

Daga inda nake ina hango ƙofar gidan. An shimfiɗa tabarmi, maza sun cika, liman ya zauna, mahauci yana wasa wuƙa kusa da ragon da ya cinye min wayar caji. Rana ta fara haske. Wasu sun fara duban gonakinsu, don damina ce, kowa na da aiki. Baba Garba ya tako har tudun ya ce, "Ɗiyata, jama'a sun gaji da jira. In bai zo ba, sai mu ɗauki maganarki. Amma ke ad da nauyin."

Na buɗe baki zan ce a sa Hauwa'u. Har na ce "Hau", sai Mamman ya ce, "Baba, a ba mu ja guda. Wagga karon mu ja da ƙarhi." Ya kira maza biyu daga masu jiran wayoyinsu, suka kama igiya tare. Ya ce in riƙe wayar a cikin gugan, in danna, in janye hannu. Na ce bismillahi na danna. Suka ruga da igiyar a guje, guga ya tashi kamar an harba shi, har gorar ta lanƙwasa. Ni dai ina ta salati, ina kallon ledar burodi tana ƙyalli a sama.

Da aka sauko da shi ban iya dubawa ba, sai da Baba ya ce in duba. Da'irar ta ɓace. Ban saurara ba, don na ce a gaban jama'a za a ji, kuma ko wannan ɗaya dai in cika. Muka koma gida da sauri, na tsaya daga cikin zaure bayan zana inda mata suka taru, Baba ya karɓi wayar ya ƙure murya, ya ɗora ta a kan tabarma gaban liman.

Muryar Nasiru ta fito, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ya gaida Baba, ya gaida liman da jama'a, ya yi wa Saratu sannu. Sannan ya ce, "Sunan yarinya Hajara. Sunan Yayata ne, wadda ke tsaye a wurinku. Ita ta goya ni da Umma ta rasu, ita ta bar makaranta don in yi. Umma tana da takwarori a dangi, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Sau biyu ina so in gaya mata ita kaɗai, don na san halinta da kuka a gaban mutane, ta hana ni."

Ya kuwa san halina. Na zauna daɓas a ƙasan zaure. Ina ji liman ya yi addu'a, aka shafa, sai sanƙira, mai shelar suna, ya ɗaga murya har bayan gari: "Sunan jinjira Hajara! Allah shi raya Hajara!" Mata suka ɗauki guɗa a kaina. Tunda aka haife ni ban taɓa jin an kira sunana da ƙarfi haka ba, kuma saura ƙiris da bakina in hana a kira shi. Na yi kuka har da majina, a gaban surukai, da gyalen da rago ya ci gefensa.

Saratu ta ɗora min yarinyar a cinya. Ita ba za ta iya kiran sunan yayar mijinta ba, saboda haka tun kafin a gama fiɗar rago matan gidan sun laƙaba wa jaririya Ta-Bisa, wai sunanta daga sama ya sauko. Baba Garba ya leƙo ya miƙo min wayata, bai ce min komai ba sai, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata." Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Bidiyon da na ci buri ba a yi shi ba. Hotonmu na ɗauka ni da takwarata, idanuna a kumbure, na kai wa Mamman ya aika sama. Sai da rafi ya janye na samu hanya, kuma muna isa kwalbatin nan wayata ta fara kuka, ta yi ta yi har Goronyo. Ban buɗe ko ɗaya ba sai da na ci kifina.

Yanzu duk Juma'a nakan yi wa Ta-Bisa magana in tura, ko da yake ba abin da take ganewa. Wani lokaci saƙon yakan wuni bai isa ba, wani lokaci ya kwana. Ni da nake faɗa idan hoto ya yi jinkirin ƙiftawar ido, sai in ajiye wayar in ci gaba da aunawa masu ciniki yadi. Na san ba ɓata ya yi ba. Mamman ne bai ja igiya ba tukuna.